Hannun Wanzami Ya Yi Rawa

Lahadi, 11 ga Agusta 1963, da hantsi

Yau kasuwar Illela ke ci, ni kuwa ga ni zaune a zaure kamar mai jego. Daga nan ina jiyo kukan shanu da rugugin motocin Ƙwanni. Tun ina ƙarami nake bin mahaifina da tabarma zuwa gindin tsamiyar bakin kasuwa, ban taɓa fashin Lahadi ba sai yau.

Ni ne Almu wanzami. Na rubuta sunan ne don in ga yadda zai fito. Ya fito kamar tururuwa ta faɗa tawada ta bi ta kan takarda. Littafin nan ragowar na ajin yaƙi da jahilci ne. A ajin nan har ɗaga rubutuna ake yi a nuna wa mutane.

Ranar Alhamis da yamma Baffa ya zo ya ɗauke zabirata. Baffa shi ne Sarkin Aska Muhammadu Lawal, ƙanen mahaifina, shugaban wanzaman garin nan. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Wagga jaka ta zauna wurina, Almu, har mu ga abin da Allah ya yi." Askake, ƙahoni, almakashi, har dutsen washi, duk ya tafi da su.

Ba zan rubuta abin da ya faru a gidan Alhaji Mukhtari da safiyar Alhamis ɗin ba. Kowa ya sani. Ranar sunan ɗansa ce, ni ke askin jaririn, zaure cike da mutane.

Litinin, 12 ga Agusta, bayan Azahar

An ce yaron ya kama nono. Alhamdu lillahi.

Laraba, 14 ga Agusta, da La'asar

Na sha rubutu har ina jin ɗanɗanon tawada a miya. Hindatu matata ta turara ni da saiwoyi iri-iri har idona ya yi ja. Jiya Baffa da kansa ya yi mini ƙaho a ƙeya da kafaɗu. Hannu dai na nan na karkarwa, siririya, kamar ganyen gero in iska ta taɓa shi.

Ba hannun kaɗai ba ne. Ina cin tuwon mutum uku, amma wando na zamewa daga ƙuguna. Damina ce, mutane na jan mayafi, ni ina jiƙe sharkaf da gumi. Zuciyata na bugu kamar an biyo ni. Ba na iya zama wuri ɗaya: in shiga, in fita, in share zaure, in sake sharewa.

Hindatu ta dawo daga rijiya ranta a ɓace. Da ƙyar ta faɗa mini. Wai ana cewa giya nake tsallakawa in sha a Ƙwanni, ita ta kama mini hannu. Wasu kuma sun ce iska ce. Ni da ko taba ban taɓa sa wa baki ba!

Ban tambaye ta yaron ba. Ita ta ce an ga ana shanya kayansa.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan sallah

Allahu Akbar! Abin nan yana da suna! Yana da suna!

Bari in bi a hankali. An sallame Juma'a ina neman takalmana, sai na ga Malam Isma'ila, malamin ɗakin magani na garinmu, ya tsura mini ido. Na ɗauka shi ma zancen giyar ne. Sai ya ce, "Almu, tun yaushe idanunka sunka fito haka?"

Na ce, "Idanuna kuma? Ai hannu na ka ciwo, Malam."

Ya ce, "Biyo ni."

A ɗakin magani ya sa na miƙe hannuwa, ya ɗora takarda a kansu. Takarda ta kama rawa, har tana ƙara. Ya riƙe wuyan hannuna yana duban agogo, ya girgiza kai. Sannan ya ba ni ruwa ya ce in haɗiye, ya zagaya bayana ya dafa wuyana da yatsu. Ya ce, "Ga shi nan. Maƙoƙo gare ka."

Na yi dariya. Na san maƙoƙo, na ga matan da ke yawo da shi kamar tulu a wuya. Ya ce nawa ƙarami ne amma mai zafi. Wai akwai wani ɗan nama a gaban maƙogwaron kowa, shi ke iza wutar jiki. Nawa ya haukace, yana ta tura itace ba ƙaƙƙautawa. Shi ne gumin, shi ne ramar, shi ne bugun zuciyar, shi ne hannun.

Na ce, "Ana warkewa?"

Ya ce, "Na ga waɗanda sunka warke. Amma ba a ɗakin nan ba. Ko ka nufi Sakkwato, ko ka tsallaka asibitin mishan ɗin nan na gabas da Ƙwanni. Shi ya fi kusa, kuma likitansu ya saba da aikin wuya."

Da gudu na dawo gida, ni babban mutum, da babbar riga. Na ce wa Hindatu, "Ba giya ba ce! Ba iska ba ce! Wuya ne!" Ta ce, "Malam, zauna ka sha ruwa, maƙwabta na ji." Na ce su ji mana!

Asabar, 17 ga Agusta, da yamma

Na je wa Baffa da labari ina murna. Ya saurara har na gama, yana wasa aska a fata.

Ya ce, "Hannu na rawa, a ce a yanka wuya? Mi ya haɗa su?"

Na sake bayani. Ya ce, "Mu munka gaji aska, Almu. Mun san inda taka shiga, mun san inda ba ta shiga. Wuya mayanka ce. Kuma ka ɗauki wuyanka ka kai wa masu mishan?"

Na ce, "Baffa, magani zan nema, ba addini ba."

Ya ajiye askar. Can ya ce, "Ban hana ka zuwa a duba ka ba. Amma kada ka bari a kwantar da kai ban sani ba."

Na karɓa hannu biyu.

Talata, 20 ga Agusta, da hantsi, a tasha

Motar farko da ta yi lodi ta Alhaji Mukhtari ce. Na koma bayan rumfar mai shayi har ta tashi. Zan bi ta biyu.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan Azahar, a asibiti

Kai, duniya da faɗi! Jandarmomin kan iyaka ko kallon kirki ba su yi mini ba, sun saba ganina ina zuwa askin kasuwar Ƙwanni. Daga can muka yi gabas. Asibitin na bakin hanya, mutane maƙil a ƙarƙashin itatuwa: Buzaye, Fulani, Adarawa, Gobirawa, kowa da tukunyarsa da tabarmarsa.

Likitan Bature ne, dogo, wuyansa ja kamar na zakara. A nan Lokotoro suke ce masa. Hausa a bakinsa kamar haifaffen garin Tawa. Ya yi duk abin da Malam Isma'ila ya yi, har da takardar. Ya tambayi sana'ata. Da na faɗa, ya ajiye alƙalami ya dube ni.

Ya ce hanya biyu ce a gabana. Ta farko ƙwaya: in yi ta sha shekara ɗaya ko fiye, tana danne wutar. Wasu sukan rabu da ciwon ke nan, amma da yawa in sun daina sai ya dawo. Ta biyu tiyata: a buɗe wuya, a yanke yawancin naman, a bar ɗan kaɗan wanda zai ishi jiki. Ya ce a ƙasashensu akwai ta uku, wani ruwa da ake sha ya ƙone naman daga ciki, amma babu shi a nan.

Na ce, "A yanka yau!"

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce ko na zaɓi wuƙa, dole in fara da ƙwayar. In aka taɓa wuyan nan zuciya na wannan gudu, ba zan sauka daga teburin da rai ba. Sai ta lafa tukuna. Kuma ya ce in sani, jijiyar murya na kwance daf da wurin, wani kan tashi da dasasshiyar murya, wani ma ba ta komawa daidai. Akwai zubar jini kuma. Ya ce in tafi gida in sha magani, in yi tunani, in yi shawara da manyana.

Murya! Wanzami ba hira ai rabin wanzami ne. Amma wanzami ba hannu fa?

Alhamis, 22 ga Agusta, da La'asar

Na yi aboki. Sunansa Maharazu, tsoho ne, manomi daga Tozai, ashe ma ɗan ƙasarmu ne. A layin karɓar magani na gan shi, hannunsa na dama a kan cinya yana ta motsi kamar mai jan tasbaha, haɓarsa ma na kaɗawa. Na matsa kusa na ce, "Baba, ciwonmu ɗaya! Kada ka damu, wuya ne, yankawa za a yi!"

Ya juyo a hankali, fuskarsa ba motsi kamar an sassaƙa ta. Ya ce, "Yaro, kai dai naka wuya na. Nawa sun ce a kai yake."

Ashe rawar hannu ba iri ɗaya ba ce! Da Lokotoro ya fito zagaye na tare shi da tambaya, sai ya tsaya ya nuna mini. Ya miƙa wa Baba Maharazu kofi. Da tsoho ya kai hannu zai karɓa, rawar ta tsaya cak. Da ya mayar da hannun cinya, ta dawo. Ni kuwa da na ɗauki kofin, ruwan ciki sai ɓari yake. Lokotoro ya ce akwai wata kuma ta gado, wadda ke bin gida, ita sai an kai cokali baki take tashi, kuma abin da yake da shi dominta bai wuce maganin kwantar da jiki ba. Akwai ta mashaya in sun rasa abin sha. Na ce, "Wannan dai ba tawa ba ce, a rubuta a kai Illela!"

Na Baba Maharazu ba ya warkewa. Akwai ƙwayar da ke rage shi, sai dai tana busar da baki, tana sa gani ya yi hazo. Na ce, to ba a yanka wani abu? Lokotoro ya ce a manyan asibitocin ƙasashen waje ana yi. Wai a huda ƙoƙon kai, mutum na farke, ana magana da shi, a zura wani siririn ƙarfe har can tsakiya, a kashe wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Nan take hannu ya tsaya. Amma in an kuskure kaɗan, mutum ya tashi da nauyin baki ko shanyewar ɓarin jiki. Kuma shi bai da kayan, bai taɓa yi ba.

Mutum na farke! Ina ma in tsaya a bayan mai wannan aiki in ga yadda yake riƙe hannunsa.

Baba Maharazu ya ce, "Ko da kayan, kaina ba duma ba na. A bar min shi yadda uwata ta haife shi."

Muka ci ƙosai tare. Ni ina zubar da yaji, shi yana kai lomarsa baki lafiya lau. Ya dube ni ya ce, "Kai ka ci da rawa, ni in huta da rawa. Da an haɗa mu an samu mutum guda."

Lahadi, 25 ga Agusta, da safe, a gida

Ƙwayoyin farare ne ƙanana. Ina sha, ina duba hannu. Hindatu ta ce, "Malam, ba fa tafasa za ya yi ba."

Alhamis, 29 ga Agusta, da Azahar

Shiru. Hannu na nan yadda yake.

Laraba, 4 ga Satumba, da hantsi

Na makara sallar Asuba! Ban taɓa murnar makara ba sai yau, Allah ya yafe mini. Rabona da barci mai nauyi tun bazara. Hindatu ta ce ta yi ta taɓa ni, ta ɗauka wani abu ne.

Kuma jiya da aka yi ruwa na ji sanyi. Sanyi! Na ce ta ba ni mayafi, ta tsaya tana kallona, sai ta sa dariya, sai kuma ta sa kuka.

Malam Isma'ila ya riƙe hannuna da agogonsa, ya ce dokin da ke sukuwa a ƙirjina ya fara gajiya.

Lahadi, 8 ga Satumba, da yamma

Na fita bayan gari don kada in ji hayaniyar kasuwa. A hanyar Amarawa na hangi Safiyyatu, matar Alhaji Mukhtari, da goyo. Sun sa masa hular ulu. Rana tsaka, ana wannan zafi.

Na shiga gonar dawa na tsaya har suka wuce.

Talata, 10 ga Satumba, da safe

Ban fita ba.

Lahadi, 15 ga Satumba, bayan La'asar

Yau an yi ta a gidan nan. Baffa ya zo duba ni, ya ga na yi kumatu, ya ga na zauna har ya gama magana ban tashi ba. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce, "To, ai magana ta ƙare. Ƙwaya ta yi aiki. Mi kaka nema wurin wuƙa kuma?"

Abin mamaki, Hindatu da ta fi kowa tura ni asibiti, yau ta koma bayan Baffa. Daga bakin ƙofa ta ce, "Baffa, ku faɗa mishi. Ni na yarda ya yi noma, ya yi dillancin awaki, ya yi komi. Ba ni son a kawo min shi a kwance."

Na ce ta kawo takarda. Na miƙa hannu, na ɗora. Rawar ta ragu nesa ba kusa ba. Amma gefen takardar na motsi. Kaɗan. Duk mun gani.

Na ce, "Baffa, wanga hannu ya isa riƙon fartanya. Ya isa riƙon igiyar akuya. Ku da kanku za ku ɗora shi a kan ɗan kwana bakwai?"

Baffa ya ɗauke takardar daga hannuna ya ajiye.

Na ce, "Ko da ya tsaya cak, Lokotoro ya ce ciwon kan dawo in an bar ƙwaya. Ba zai yi sallama ba ran da zai dawo. Wancan karon ma bai yi ba."

Wannan ne karo na farko da na ambaci wancan karon a gabansu.

Da Baffa ya tafi na samu Hindatu a madafa. Na ce, "Tsoro nake ji ni ma." Ta ce, "Ai na sani. Murnar nan taka duk tsoro ce." Ta ci gaba da tuƙa tuwo. Can ta ce, "In za ka, da ni za ka."

Litinin, 23 ga Satumba, da Azahar, a asibiti

Mun iso, an ba ni gado. Hindatu ta kafa murhu a gindin wani bagaruwa tare da matan Adar, har ta fara koyon ciniki da sefa, kuɗin ƙasar. Lokotoro ya saurari ƙirjina ya ce madalla. Yanzu an ƙara mini wani magani, ruwan aidin, ana ɗiga shi a madara. Ɗaci kamar an jiƙa ƙusa. Wai yana sa naman ya tsuke, jini ya ragu lokacin aiki. Sai na sha shi kwanaki kafin a sa rana.

Na nemi Baba Maharazu, an ce ya karɓi ƙwayarsa ya koma Tozai tun tuni.

Talata, 1 ga Oktoba, da hantsi

Yau Nijeriya ta zama jamhuriya! Wani ɗan Gwadabawa da ke jinyar ƙafa yana da rediyo, muka kewaye shi mu 'yan Nijeriya muna sauraron bushe-bushe daga Kaduna. Wani Ba'adare a gadon kusa ya ce, "Sai yau? Mu ai mun daɗe da tamu." Na ce, "Taku ƙarama ce, shi ya sa ta riga nuna!" Aka yi ta dariya har malamar asibiti ta leƙo ta ce a rage.

Ana cikin haka aka zo aka ce an sa ranata. Jibi, Alhamis.

Alhamis kuma.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan La'asar

Wa zan gani a ƙofar ɗaki da sanda da buta? Baffa! Mutumin da rabonsa da tsallaka iyaka tun zamanin Faransa. Ya sha ƙurar mota, rawaninsa ya karkace. Bai ko zauna ba ya ce, "Ina mai yankan?"

Da Lokotoro ya zo, Baffa ya gaishe shi a mutunce, ya ce shi ne uban yaron nan, kuma shi ma da aska yake ci. Sannan ya ce, "Likita, in ba ka ji haushi ba, miƙo hannunka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Lokotoro kuwa ko a jikinsa, ya miƙa duka biyu. Baffa ya zare takardar da ke rataye a gadona ya ɗora masa. Duk ɗakin aka zuba ido. Takarda ta kwanta kamar a kan dutse.

Baffa ya ce, "To. A nuna min askar."

Aka kawo. 'Yar mitsitsiya, ba ta kai ɗan yatsa ba! Baffa ya juya ta, ya gwada a gashin hannunsa, ya jinjina kai. Ya tambaya ta ina za a bi. Lokotoro ya ja yatsa a gindin wuyana, ya ce zai bi layin da fata ta riga ta naɗe don tabon ya ɓuya. Baffa ya ce, "Haka muka yi mu ma in muna tsaga." Suka tsaya suna zancen fata da jini kamar tsofaffin abokai, ni mai wuyan ina zaune a tsakiya.

Da zai fita ya dafa kaina ya yi addu'a mai tsawo. Tafin hannunsa da sanyi.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan Asuba

Ba ci, ba sha. Na yi wanka, na yi sallah. Hindatu, in wani ya karanta miki wannan, na yafe miki komai, ke ma ki yafe mini. Ga su nan sun turo gado. Bismillahi.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da Azahar

Ina nan!

Abin da na sani, an kifa mini wani abu a hanci mai warin tsiya, aka ce in yi ƙirga. Sai na farka da amai, wuya ɗaure da bandeji, Hindatu na yi mini fifita, Baffa a ƙasa da tasbaha. Haɗiyar yawu kamar haɗiyar ƙaya.

Murya babu. Na buɗe baki in ce alhamdu lillahi, iska kawai ta fito. Lokotoro ya ce a jira, sau da yawa kumburi ne. Bai ce tabbas ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

An cire zare. Na roƙi madubi. Kai, mutumin nan ya iya ɗinki! Layi ɗaya siriri, kamar an zana da alli.

Na kira Hindatu, ta juyo! Muryar kamar ta kwaɗon da ya kwana a rijiya, amma ta ji. Ta ce, "Sake faɗi." Na sake. Ta ce, "Wagga ta ishe ni. Da ma surutunka ya yi yawa."

Ku dubi rubutun nan. Ku dubi layin nan yadda ya miƙe. Almu. Almu. Almu wanzami.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan sallah, a gida

Mun dawo tun Litinin. Lokotoro ya ce in riƙa zuwa ana dubawa, don wani lokaci ɗan naman da aka bari yakan gaza, mutum ya yi sanyi da nauyin jiki, sai a ba shi wata ƙwayar ta cike gurbi. Muryar ta ɗan buɗe, amma ba ta ɗaguwa. Ya ce mai yiwuwa iyakarta ke nan.

Yau Baffa ya tara wanzaman gari a zaurensa. Ya jiƙa fatar ɗan akuya, ya shimfiɗa a kan ƙwarya, ya ba ni askarsa. Na aske ta tas, ban ƙwarzane ko'ina ba. Aka zagaya da ita hannu-hannu. Sannan ya shiga ciki ya fito da zabirata.

Ya ce, "Askin manya da ƙaho. Ban da jarirai, ban da kaciya, sai damina ta zagayo mun gani."

Hukuncin ya yi mini zafi. Amma da ni ne Sarkin Aska, abin da zan faɗa ke nan.

Na rungume jakar nan har gida. Warin fatarta kaɗai!

Lahadi, 20 ga Oktoba, da yamma

Na shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya tun da sassafe. Na jera askake, na cika kasko da ruwa. An yi ta zuwa gaisuwa. Kowa ya ce in ɗaga haɓa ya ga tabo, kowa ya ce ikon Allah. Ba wanda ya tuɓe hula.

Alhaji Mukhtari ya wuce. Ya yi sallama, na amsa, ban sani ba ko ya ji. Bai tsaya ba.

Hindatu ta ce an cire wa yaron hula, gashi ya fito, sai dai wuri ɗaya bisa kunne. Ta ce yana dariya in an yi masa wasa.

Na zubar da ruwan kaskon a gindin tsamiya.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan La'asar

Har Azahar ba kowa. Ina shirin naɗe tabarma sai ga jaki ya tsaya a gabana. A kansa wani tsoho, gemu ya cukurkuɗe, gashi ya fito ta ƙarƙashin hula.

"Wanzam, an ce an yanka ka ba ka mutu ba."

Baba Maharazu! Na taimaka masa ya sauko, yana 'yan takunsa ƙanana. Ya ce labarina ya kai Tozai, har da cewa ba mai zama a tabarmata. Shi kuma wanzamin garinsu ya daina sa masa aska tun da haɓarsa ta fara kaɗawa, sai dai ya rage masa da almakashi.

Ya zauna, ya tuɓe hula ya ajiye a gwiwa. Masu awon hatsi da 'yan kwalli suka fara matsowa. Na ji wani ya ce, "Mai rawa zai aske mai rawa."

Na duƙa na ce masa a kunne, "Baba, ka san abin da ya sa ba a zama?"

Ya ce, "Na sani. Aske. In ka yanke ni, sai a ce ni na motsa."

Na jiƙa kan, na yi bismilla. Kai bai ba ni wuya ba, aska na tafiya kamar a kan ruwa. Da na zo gemu na tallafi haɓarsa da hagu, na ji tana kaɗawa a tafina. Na tsaya. Sai na tuna yadda rawarsa ke ɗaukewa in ya sa gaɓar aiki. Na ciro sabon asawaki na ce ya ciza da ƙarfi. Ya ciza. Haɓa ta tsaya. Na bi kunci, na bi ƙarƙashin leɓe, na gangara maƙogwaro, ina yi ina barinsa ya huta. Ban ji kasuwa ba sam, sai ƙarar aska a kan gashi.

Na goge shi da tsumma, na ɗaga tsumman sama ba tare da na yi niyya ba. Fari fat.

Ya shafa fuskarsa, ya daɗe yana shafawa. Ya ce iska na taɓa shi a wuraren da ya manta.

Da zai tafi na riƙe masa jaki ya hau. Hannunsa na dama ya koma kan cinya, ya ci gaba da motsinsa. Na kama shi da nawa biyu na riƙe gam. Ina jin sa yana motsi a ciki.

Ya ce, "Sake ni, Wanzam. Ana jiranka."

Na waiwaya. Mutum biyu ne zaune a tabarmata, huluna a gwiwa.